Jam'iyyun Kurdawa: asalinsu, abin da suke nema da abin da ya raba kawunansu

Kurdawa al'umma ce da aka ƙiyasta yawanta tsakanin mutum miliyon 30 zuwa 40. Suna zaune a yankin duwatsun da ya haɗa iyakokin Turkiyya, Iran, Iraƙi da Siriya, kuma ba su da ƙasa tasu ta kansu. Harshensu dangin Farisanci ne, ba shi da alaƙa da Larabci ko Turkanci. Manyan karorinsa biyu su ne Kurmanji da Sorani. Mafi yawan Kurdawa Musulmi ne Ahlus-Sunna mabiya mazhabar Shafi'iyya, akwai kuma ƴan Shi'a, Alawiyawa da Yazidawa a cikinsu. Salahuddin al-Ayyubi, sarkin da ya karɓe birnin Ƙudus a 1187, Bakurde ne.

A kowace daga cikin ƙasashen huɗu, Kurdawa sun kafa jam'iyyu domin neman haƙƙinsu. Wasu sun ɗauki bindiga, wasu sun bi hanyar akwatin zaɓe, wasu kuma sun haɗa duka biyu. A kafofin labarai na Faransanci ana yawan jin sunayensu a taƙaice: PKK, PDK, UPK, PYD, DEM, PDKI. Kowace da tarihinta, kuma sau da yawa ba sa ga maciji da juna.

Asalin matsalar

Bayan yaƙin duniya na ɗaya, Ingila da Faransa suka raba yankunan Daular Usmaniyya. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Sèvres na Faransa a watan Agusta 1920 ta buɗe ƙofar bai wa Kurdawa mulkin kai. Mustafa Kamal Ataturk ya yi watsi da ita, ya yi yaƙi ya ci. Yarjejeniyar Lozan ta watan Yuli 1923, wadda ta maye gurbinta, ko sunan Kurdawa ba ta ambata ba. Ta haka al'umma ɗaya ta tsinci kanta ƙarƙashin tutoci huɗu.

Sabbin gwamnatocin kowace na son gina ƙasa mai harshe ɗaya da asali ɗaya. A Turkiyya an murƙushe boren Shaikh Sa'id a 1925, da na yankin Darsim a 1937 zuwa 1938. An daɗe a hukumance ana kiran Kurdawa “Turkawan duwatsu”. Dokar da sojoji suka kafa a 1983 ta hana wallafa komai da harshen Kurdanci, sai a 1991 aka soke ta.

Iran: inda aka fara kafa jamhuriya

Jam'iyyar Demokraɗiyyar Kurdistan ta Iran, PDKI, an kafa ta a 1945 ƙarƙashin wani alƙali mai suna Ƙadi Muhammad. Ranar 22 ga Janairu 1946 ya shelanta kafa jamhuriya a garin Mahabad, da goyon bayan Tarayyar Sobiyet wadda sojojinta ke arewacin Iran a lokacin. Da Rashawa suka janye, sojojin Sha suka shiga garin a watan Disamba na shekarar. An rataye Ƙadi Muhammad a watan Maris 1947. Jamhuriyar ba ta cika shekara ba, amma har yau ita ce abin tunawa ga masu kishin Kurdanci.

Bayan juyin juya halin 1979, PDKI da ƙungiyar Komala mai ra'ayin gurguzu sun nemi mulkin kai a cikin Iran. Gwamnatin Ayatullahi Khumaini ta ƙi, aka shiga yaƙi na shekaru. An kashe shugaban PDKI, Abdurrahman Ƙasimlu, a birnin Biyena a watan Yuli 1989, yana kan teburin sulhu da wakilan Tehran. Wanda ya gaje shi, Sadiƙ Sharafkandi, an harbe shi a wani gidan cin abinci a Barlin a watan Satumba 1992. A 1997 kotun Jamus ta yanke cewa daga manyan shugabannin Iran umarnin kisan ya fito.

Dukkan waɗannan jam'iyyu haramtattu ne a Iran, shugabanninsu suna zaman gudun hijira a arewacin Iraƙi da Turai. A 2004 aka samu wata sabuwa, PJAK, mai bin aƙidar PKK. Lokacin zanga-zangar 2022, wadda ta biyo bayan rasuwar Mahsa Amini, wata budurwa Bakurdiya ƴar garin Saƙƙez, a hannun ƴan sandan ɗa'a, Iran ta zargi jam'iyyun da hura wuta, ta kuma harba makamai masu linzami kan sansanoninsu a Iraƙi.

Iraƙi: gidan Barzani da gidan Talabani

Jam'iyyar PDK an kafa ta a watan Agusta 1946, da Mulla Mustafa Barzani a matsayin shugaba. Ya yi yaƙi a Mahabad, ya yi hijira zuwa Tarayyar Sobiyet, ya dawo a 1958, ya tayar da bore a 1961. A watan Maris 1970 Bagadaza ta yi alkawarin mulkin kai, amma aka kasa daidaitawa kan Kirkuk, birnin da ke zaune kan man fetur. Aka koma fagen daga, Sha na Iran da Amurka suna bai wa Barzani makamai. A watan Maris 1975, a birnin Alje, Sha ya shirya da Saddam Husaini kan rikicin iyaka, ya janye tallafinsa. Cikin ƴan makonni boren ya rushe.

Wannan faɗuwa ce ta haifi UPK, wadda Jalal Talabani ya kafa a watan Yuni 1975. PDK na da ƙarfi a Arbil da Duhok, tana dogaro da sarauta da dangantakar ƙabila. UPK ta kafu a Sulaimaniyya, tsakanin ƴan boko da masu ra'ayin gurguzu. Kowace na da nata mayaƙa, waɗanda ake kira Peshmarga, wato masu fuskantar mutuwa.

A 1988 gwamnatin Saddam ta ƙaddamar da farmakin da ta kira Anfal, inda aka rusa dubban ƙauyuka, aka kashe dubun dubatar mutane. Ranar 16 ga Maris na shekarar aka watsa iskar guba kan garin Halabja, mutum kimanin 5,000 suka mutu. Bayan yaƙin Kuwait na 1991, Amurka, Ingila da Faransa suka hana jiragen Iraƙi shawagi a arewa, abin da ya bai wa Kurdawa damar yin zaɓe a watan Mayu 1992. PDK da UPK suka raba kujeru 50 da 50.

Rabon bai ɗore ba. A 1994 suka kaure da yaƙi, musamman kan kuɗin kwastan na iyakar Turkiyya. UPK ta jingina da Iran. A watan Agusta 1996 PDK ta gayyato sojojin Saddam, mutumin da ya yi musu Anfal, suka taya ta ƙwace Arbil. Sai a watan Satumba 1998 aka sasanta su a Washinton. Har yau yankin a rabe yake a aikace, kowace jam'iyya na riƙe da sojoji da jami'an tsaron ɓangarenta.

Kundin tsarin mulkin Iraƙi na 2005 ya amince da yankin Kurdistan mai majalisa da gwamnatinsa. Jalal Talabani ya zama shugaban ƙasar Iraƙi daga 2005 zuwa 2014, Mas'ud Barzani, ɗan Mulla Mustafa, ya zama shugaban yankin. Ranar 25 ga Satumba 2017 Mas'ud ya shirya zaɓen raba gardama, kusan kashi 93 cikin 100 suka zaɓi ɓallewa. Bagadaza, Ankara, Tehran da Washinton duk suka ƙi amincewa. Ranar 16 ga Oktoba sojojin Iraƙi suka karɓe Kirkuk, bayan wani ɓangare na mayaƙan UPK ya janye. PDK ta kira abin cin amana. Mas'ud ya sauka daga shugabancin yankin, ya ci gaba da riƙe jam'iyya. Tun 2019 ɗan ɗan'uwansa Necirban ke shugabancin yankin, ɗansa Masrur kuma shi ne firaminista. UPK na hannun Bafel, ɗan Jalal Talabani.

Adawa a cikin gida

A Kurdistan ta Iraƙi, tsofaffin ƴan tawaye su ne gwamnati, saboda haka adawa ta taso a kansu. A 2009 Naushirwan Mustafa, tsohon na biyu a UPK, ya kafa Gorran, wato Canji. Ya zargi gidajen biyu da cin hanci, ɓoye kuɗin fetur da mayar da sojoji kayan jam'iyya. Gorran ta samu kujeru 25 cikin 111 a zaɓenta na farko. A 2013 ta samu 24, ta sha gaban UPK mai 18, ta shiga gwamnati.

Rikici ya ɓarke a 2015, lokacin da wa'adin Mas'ud Barzani ya ƙare kuma Gorran ta ƙi yarda a sake tsawaita shi. A watan Oktoba jami'an tsaron PDK suka hana kakakin majalisa, ɗan Gorran, shiga Arbil, aka kori ministocinta. Majalisar ta yi kusan shekara biyu a rufe. Naushirwan ya rasu a 2017, jam'iyyar ta sake shiga gwamnati a 2019, magoya bayanta suka watse. A zaɓen 20 ga Oktoba 2024 kujera ɗaya ta samu cikin 100. PDK ta samu 39, UPK 23, sai Sabon Ƙarni ta ɗan kasuwa Shaswar Abdulwahid da ta samu 15, ta zama babbar jam'iyyar adawa. Akwai kuma jam'iyyun Musulunci, babbarsu mai kusanci ce da aƙidar Ikhwan. Abin da ke ciyar da adawa gaba a yankin shi ne albashi: tun 2014, da Bagadaza ta fara riƙe kason yankin saboda rigimar sayar da fetur, malaman makaranta da sauran ma'aikata kan yi watanni ba a biya su ba.

Turkiyya: PKK da yaƙin shekaru arba'in

Kusan rabin Kurdawan duniya a Turkiyya suke. Abdullahi Ojalan da wasu ɗalibai masu ra'ayin gurguzu suka kafa PKK a watan Nuwamba 1978 a wani ƙauye na lardin Diyarbakir. Ranar 15 ga Agusta 1984 ta kai harinta na farko. Fiye da mutum 40,000 suka mutu a yaƙin. Sojoji sun tashi dubban ƙauyuka a shekarun 1990, ita ma PKK ta kashe fararen hula, malaman makaranta da ƴan sintirin ƙauye da gwamnati ta bai wa makamai. Turkiyya, Amurka da Tarayyar Turai sun sa ta cikin jerin ƙungiyoyin ta'adda.

An kama Ojalan a Nairobi ta ƙasar Kenya ranar 15 ga Fabrairu 1999. An yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai da rai a tsibirin Imrali. Daga gidan kaso ya canza manufa: ya bar neman ƙasa mai cin gashin kanta, ya koma kiran a bai wa garuruwa da yankuna ikon tafiyar da al'amuransu a cikin iyakokin da ake da su, tare da bai wa mata rabin muƙamai.

Jam'iyyun akwatin zaɓe

Jam'iyya ta farko mai rajista da ta ɗauki batun Kurdawa ita ce HEP, a 1990. A 1991 Laila Zana ta shiga majalisar dokoki, ta kammala rantsuwarta da jumla ɗaya ta Kurdanci, majalisar ta yamutse. A 1994 aka cire mata rigar kariya, aka ɗaure ta shekara 15 tare da abokanta uku, suka fito a 2004. Kotun tsarin mulki ta rufe HEP a 1993, DEP a 1994, HADEP a 2003, DTP a 2009, kullum bisa zargin alaƙa da PKK. Duk lokacin da aka rufe ɗaya, sai a buɗe wata da sabon suna.

Dokar zaɓe ma ta kasance shinge: har zuwa 2022, sai jam'iyya ta samu kashi 10 cikin 100 a faɗin ƙasa kafin ta shiga majalisa. Shi ya sa ƴan takarar Kurdawa suka riƙa tsayawa a matsayin ƴan indifenda. HDP, da aka kafa a 2012, ta haɗa Kurdawa da ƙungiyoyin ƙwadago, na mata da ƙananan ƙabilu. Ranar 7 ga Yuni 2015, ƙarƙashin lauya Salahaddin Demirtash, ta samu kashi 13 cikin 100 da kujeru 80. Karon farko ke nan tun 2002 da jam'iyyar AKP ta Rajab Tayyib Erdogan ta rasa rinjaye.

Wata ɗaya bayan haka, tattaunawar sulhu da aka fara a 2013 ta rushe, faɗa ya shiga cikin biranen kudu maso gabas. An sake zaɓe a watan Nuwamba, HDP ta sauko zuwa kujeru 59. A 2016 aka cire wa ƴan majalisa kariya, ranar 4 ga Nuwamba aka kama Demirtash da abokiyar shugabancinsa Figen Yuksekdag. Daga kaso ya yi takarar shugaban ƙasa a 2018, ya samu sama da kashi 8 cikin 100. Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam ta ce a sake shi a watan Disamba 2020, ba a yi ba. A watan Mayu 2024 aka yanke masa shekara 42 kan zanga-zangar Kobani ta 2014 wadda aka yi asarar rayuka a cikinta.

Tun 2016 gwamnati ke tsige magadan garin da aka zaɓa tana naɗa kantomomi a madadinsu. Daga cikin garuruwa 65 da HDP ta ci a 2019, mafi yawansu an ƙwace su ta wannan hanya. Ahmad Turk, dattijon siyasar Kurdawa, sau uku ana tsige shi daga kujerar magajin garin Mardin. Gwamnati na cewa kuɗin garuruwan na tafiya hannun PKK, jam'iyyar kuma na cewa satar ƙuri'ar jama'a ce.

Saboda ƙarar neman rufe HDP da aka shigar a 2021, ƴan takararta sun shiga zaɓen 2023 da sunan wata jam'iyya, suka samu kujeru 61. Ita ce aka sake wa suna DEM, ta uku a girma a majalisa. Ƙuri'unta kan yanke wanda zai ci: a 2019 ba ta tsayar da ɗan takara a Istanbul ba, abin da ya taimaki Ekrem Imamoglu na CHP ya kayar da AKP. Sai dai ba duk Kurdawa ke bin ta ba. Miliyoyi masu riƙon addini na zaɓen AKP, akwai kuma ƙaramar jam'iyyar Musulunci ta Kurdawa, Huda-Par, da ta shiga majalisa a 2023 ta hanyar ƙawance da Erdogan.

Siriya: daga rashin takarda zuwa riƙe yanki

An kafa jam'iyyar Kurdawa ta farko a Siriya a 1957, daga baya ta dare gida-gida. Ƙidayar da aka yi a lardin Hasaka a 1962 ta raba Kurdawa kimanin 120,000 da takardar zama ɗan ƙasa, ƴaƴansu da jikokinsu suka gaji wannan hali. PYD, mai bin aƙidar Ojalan, an kafa ta a 2003. A watan Oktoba 2011 sauran jam'iyyu suka haɗu a majalisar ENKS, da goyon bayan Mas'ud Barzani.

A watan Yuli 2012 sojojin Bashar al-Asad suka janye daga garuruwan Kurdawa, PYD da mayaƙanta na YPG suka cike gurbin. Sun yi suna a kare garin Kobani daga Da'ish tsakanin Satumba 2014 da Janairu 2015, da taimakon jiragen Amurka. A watan Oktoba 2015 aka kafa rundunar haɗin gwiwa ta Kurdawa da Larabawa, wadda ta ƙwace Raƙƙa a 2017 da Baguz, tungar Da'ish ta ƙarshe, a watan Maris 2019. Ankara na kallon YPG a matsayin PKK da ta canza riga. Ta mamaye Afrin a 2018, ta sake kutsawa a watan Oktoba 2019 bayan Amurka ta janye sojojinta daga bakin iyaka. A cikin gida kuwa, ENKS ta sha zargin PYD da rufe mata ofisoshi da kama ƴaƴanta.

Abin da ya raba kawunansu

Manyan sansanoni biyu ne. Na Barzani na son ƙasa ko yanki mai tuta da iyaka, yana mutunta sarauta da malamai, yana kuma cinikin fetur da Turkiyya, wadda ke da sansanonin soji a lardin Duhok. Na Ojalan, wato PKK, PYD da PJAK, ya fito daga gurguzu, yana ƙyamar mulkin gado. PDK da PKK sun gwabza da juna a shekarun 1990. UPK ta fi kusa da Iran, kuma ta fi sassauci ga PKK.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace gwamnati ta yankin ta taɓa tallafa wa Kurdawan maƙwabciyarta alhali tana danne nata: Sha da Barzani, Saddam da PDKI lokacin yaƙinsa da Iran, Hafiz al-Asad da Ojalan, wanda ya ba mafaka har zuwa 1998. Duk ranar da gwamnatocin suka shirya, jam'iyyun ne ke kwana a ciki.

Sauye-sauyen 2024 da 2025

A watan Oktoba 2024 Devlet Bahceli, jagoran masu tsananin kishin Turkanci kuma abokin ƙawancen Erdogan, ya ba kowa mamaki da ya ce a bar Ojalan ya yi magana idan zai rusa ƙungiyarsa. Wakilan DEM suka fara zuwa Imrali. Ranar 27 ga Fabrairu 2025 aka karanta saƙon Ojalan yana kiran PKK ta ajiye makamai. Ranar 12 ga Mayu ta sanar da rusa kanta. Ranar 11 ga Yuli mayaƙa 30 suka ƙona bindigoginsu a bakin wani kogo kusa da Sulaimaniyya, a watan Agusta kuma majalisar Turkiyya ta kafa kwamitin da zai duba dokokin da ake buƙata. DEM na neman a saki fursunonin siyasa, a daina naɗa kantomomi, a kuma amince da karatu cikin Kurdanci. Wasu ƴan adawa na zargin Erdogan da neman ƙuri'un DEM domin gyara kundin tsarin mulki ya sake tsayawa takara.

A Siriya, bayan faɗuwar Asad ranar 8 ga Disamba 2024, kwamandan rundunar Kurdawa Mazlum Abdi ya sa hannu da sabon shugaba Ahmad al-Shara'a, ranar 10 ga Maris 2025, kan shigar da dakarunsa da hukumominsa cikin gwamnatin ƙasa. A watan Afrilu PYD da ENKS suka yi taron haɗin kai a Ƙamishli, suka nemi a raba iko tsakanin Damaskus da yankuna. Sabuwar gwamnati ta ce ba za ta yarda da duk wani tsarin da zai kai ga raba ƙasar ba.